Ƙwallon Tafiya ta Dattawa: Kurakuran da Ke Hana a Ci Moriyarta

A garin Chesterfield na Ingila aka fara ƙwallon ƙafa ta tafiya a 2011, lokacin da sashen hidimar al'umma na ƙungiyar ƙwallon garin ya shirya ta domin maza 'yan shekara 50 zuwa sama da suka daɗe da jingine takalma. Tallar da bankin Barclays ya yi a talabijin a 2014 ce ta yayata ta, har aka kai ga buga gasar ƙasashen duniya a St George's Park, cibiyar horar da 'yan ƙwallon ƙasar Ingila, a 2023. Dokokin ba su da yawa: babu gudu, ƙwallo ba ta wuce tsayin kai, ba a sa mata kai, ba a zamiya don ƙwace ta. Mutum biyar zuwa bakwai ne a kowane ɓangare, a ƙaramin fili. Wannan sauƙin ne yake ruɗin sababbin shiga.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gudu, kuma tsofaffin 'yan ƙwallo ne suka fi faɗawa cikinsa. Zuciya tana tuna abin da ake yi ana ɗan shekara ashirin, gwiwa kuwa ta daɗe da mantawa. Ƙa'idar ita ce kullum ƙafa ɗaya tana taɓa ƙasa. Da zarar duka biyun sun tashi, alƙalin wasa zai busa ya ba abokan hamayya bugun tazara, wanda ya yi ta maimaitawa kuma a gasa ana fitar da shi na 'yan mintuna.

Amma sau da yawa laifin ba na mai gudun ba ne, na wanda ya ba shi ƙwallon ne. A wasan da muka saba, gwani yakan tura ƙwallo gaban ɗan'uwansa don ya bi ta da gudu. A nan idan ka yi haka ka jefa shi cikin laifi, ko ka ba da ƙwallon kyauta. Gyaran shi ne a riƙa kai ƙwallo daidai ƙafar mutum, a ƙasa, ba da ƙarfi ba. Wanda ba ya riƙe da ita shi ma kada ya tsaya jira, ya taka da wuri ya buɗe inda za a gan shi. Ƙungiyar da ta gane wannan za ka ga ƙwallo ce ke gudu, mutane na tafiya, kuma a ganina a nan daɗin wasan yake.

Wasu kuma raina wasan suke yi. "Ai tafiya ce kawai," sai mutum ya fito daga mota ya faɗa fili. Tafiyar sauri ce mai yawan juyi da tsayawa kwatsam, ga harbi da ƙafar da ta shekara ba ta harba komai ba. Sharaɓa da agara da bayan cinya su ne suke fara kokawa. Minti goma na ɗumama jiki ya wadatar: tafiya a hankali ana ƙara sauri, karkaɗa ƙafa gaba da baya, juya ƙugu da idon sawu, sannan a taɓa ƙwallo.

Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likitansa. Wasan yana taimaka wa masu irin waɗannan larurori, domin motsa jiki a kai a kai yana rage hawan jini, yana daidaita suga, yana ƙarfafa ƙafa yadda faɗuwa za ta ragu. Sai dai mai suga kada ya sha magani ya zo da yunwa, ya kuma riƙe dabino ko alawa a aljihu. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashin da ya ƙi dawowa daidai ba abin jurewa ba ne don gudun kunya. A tsaya nan take, a nemi asibiti.

Takalmi mai dogayen haƙora yana kama ƙasa ya murɗe gwiwa, mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba ya fi. A zo da ruwa, a inda ake zafi kuma a buga da sassafe ko bayan la'asar.

Akwai mai buga awa ɗaya a mako ya ɗauka ya sauke nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, 'yan shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da atisayen daidaita tsayuwa sau uku a mako. Sauran kwanakin sai a cike da tattaki.

Kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne a watse da zarar an busa tashi. Mutumin da ya yi ritaya, ko ya rasa matarsa, ko 'ya'ya suka yi nisa, abin da yake rasawa shi ne wurin da ake sa ran ganinsa. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa a Ingila suke zama shan shayi bayan wasa, wasu ma hirar ce ke kawo su, ƙwallon hujja ce kawai. Masu kashe wannan zumunci su ne masu son cin wasa ko ta halin ƙaƙa, masu daka wa sabon zuwa tsawa don ya ɓarar da ƙwallo. Dattijon da aka kunyata a gaban jama'a ba zai ce uffan ba, mako mai zuwa dai ba za a gan shi ba.

Masu shirya wasa su riƙa cakuɗa 'yan wasa kowane mako don kada gwanaye su taru a gefe guda, kada kuma a sa ɗan shekara 52 ya tsare ɗan 75. Masu son gasa a ware musu ranarsu. Wanda aka yi mako biyu ba a ga ƙeyarsa ba, wani ya buga masa waya ya ji ko lafiya.