Yadda Ake Kula da Kare Mai Tari da Hana Cutar Bin Sauran Karnuka

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ya lulluɓe Bauchi, ƙura kan busar da maƙogwaron dabba kamar yadda take yi wa ɗan Adam. Kuma da rani ne mafarauta ke tara karnuka daga unguwanni da ƙauyuka, a cusa su a bayan mota ɗaya, su sha ruwa a kasko ɗaya. Bayan kwana uku zuwa goma sai a ji kare ya fara busasshen tari mai ƙarfi, kamar ƙashi ya maƙale masa, ya miƙa wuya yana kakari, ya zubar da ɗan farin kumfa. Mai shi ya ce amai ne, alhali kaki ne. Kafin mako ya zagayo, duk karnukan gidan sun ɗauka.

Ba ƙwayar cuta ɗaya ke kawo wannan tarin ba. Akwai bakteriyar Bodetela, akwai bairas na mura iri-iri, kuma sau da yawa biyu ko uku ne ke haɗuwa a jikin kare guda. Suna bin iska in ya yi tari ko atishawa, suna bin kwano, sarƙa, buhun kwanciya da hannun mai ciyarwa. Yawanci babban kare mai ƙarfi yakan warke cikin mako ɗaya zuwa uku. Aikin mai kare shi ne ya gane wane tari ne zai wuce da jinya a gida, wane ne kuma ke neman rai.

Mataki na farko: a ware shi tun ranar

Kada a jira a ga ko zai daina. A kai shi wani ɓangare na gida mai iska da inuwa, inda ba zai haɗa hanci da sauran ba ko ta ramin katanga. Kwanonsa daban, sarƙarsa daban. Mai ciyarwa ya fara da masu lafiya, ya ƙare da maras lafiya, sannan ya wanke hannu da sabulu. Ba farauta, ba yawon dare, ba kai shi barbara. A ci gaba da warewa har mako biyu bayan tarin ya tsaya, domin kare kan daina tari yana nan yana fitar da ƙwayar. Kyanwa ma na iya ɗaukar Bodetela, kuma mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni bai kamata ya zama mai jinyar ba.

Mataki na biyu: kada a sa hannu a bakinsa

A nan ya kamata a tsaya sosai. Da mutum ya ji kakarin nan, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya buɗe bakin kare ya laluba ƙashi. Ciwon haukan kare ma haka yake kama da maƙalewar abu a wuya: tsokar maƙogwaro ta shanye, ƙasan baki ya saki, yawu na dalala, kare ya kasa haɗiye ruwa, haushinsa ya canza. Ba kowane mahaukacin kare ke cizo da gudu ba. Wani shiru yake yi ya lafe a lungu. In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, musamman ga karen da ba a yi wa allurar hauka ba, a kulle shi, a janye yara, a kira likitan dabbobi. Wanda aka ciza ko yawun ya taɓa masa rauni ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Mataki na uku: a auna, safe da yamma

A sayi ma'aunin zafin jiki mai lamba a kemis, a shafa masa Vaseline, wani ya riƙe kan karen, a sa bakin ma'aunin a dubura kamar santimita biyu har ya yi ƙara. Zafin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39.2. Daga 39.5 zuwa sama zazzaɓi ne, muddin ba daga rana ko gudu ya fito ba. Taɓa hanci a ce ya bushe ko yana da laima ba awo ba ne.

Sai numfashi. A bari ya kwanta ya huce, a ƙirga dagawar haƙarƙarinsa na daƙiƙa 30, a ninka biyu. Daga 15 zuwa 30 a minti daidai ne. In ya haura 40 yana kwance, ko cikinsa na tayawa wajen jan iska, ko ya ƙi kwanciya ya tsaya ya ware ƙafafun gaba, cutar ta sauka huhu. A duba dasashinsa yayin da yake haki: jaja-jaja mai haske shi ne lafiya, fari fat ko shuɗi-shuɗi kuwa a ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi nan take.

Karen da ke tari amma yana cin abinci, yana kaɗa wutsiya, majinarsa ruwa-ruwa ce, jinyar gida ta ishe shi. Wanda ya daina ci, ya yi laushi, majina ta yi kauri ta koma rawaya ko kore, kwantsa ta manne idanu, ga gudawa ko amai, a yi zargin distempa, wata cutar bairas ta karnuka. Ita ce mafi muni a wannan dangi, kuma ta fi cin 'yan kwikwiyo daga wata uku zuwa shida da ba su sami rigakafi ba. Takan yaudari mutum: kare ya yi kamar ya farfaɗo, bayan 'yan makonni a ga tsokar fuska ko ƙafa na harbawa, yana taune-taune da kumfa a baki, tafin ƙafa da hanci sun yi tauri, daga nan sai farfaɗiya. Ba ta da maganin da ke kashe ta. Ruwan jiki da jinyar likita ne ke taimakon kare ya jure. Wanda ya tsira yana iya yaɗa ta har wata biyu zuwa uku. Tsohon kare mai tarin dare da saurin gajiya kuwa, a duba zuciyarsa.

Mataki na huɗu: jinya

A cire abin wuya, domin duk jan sarƙa yana danne maƙogwaro ya tayar da tari. A ɗaure ta ƙirji da kafaɗa. A nisanta shi da hayaƙin murhu, ƙona shara da maganin sauro na kunnawa, a yayyafa ruwa kafin shara. Da dare a shimfiɗa masa buhu a inda iskar hunturu ba ta bugawa.

Kare mai kilo 15 yana buƙatar ruwa kusan ledar fiya wata biyu a rana. In ba ya sha, a ba shi romon kaza ko na nama mai ɗumi, ba albasa, ba tafarnuwa, ba yaji. Abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu. Babban kare zai iya lasar zuma cokalin shayi ɗaya sau biyu a rana don ta sanyaya maƙogwaro. Ban da ɗan kwikwiyo. Majinar da ta bushe a goge ta da tsumma mai ɗumi, domin karen da ba ya jin ƙamshi ba ya ci.

Mataki na biyar: magani

Magungunan ciwo na mutane irin su ibufurofen da diklofenak suna huda cikin kare su lalata ƙoda, farasitamol in ya yi yawa yana ɓata hanta. Kada a ba shi, haka ma maganin tarin yara. Ragowar kafso na mutane da ake bai wa kare kwana biyu a daina, ƙarfafa ƙwayar yake yi.

Maganin bakteriya ba ya taɓa bairas, saboda haka ba kowane tari ke buƙatarsa ba. In akwai zazzaɓi, rashin ci da majina mai kauri, likitoci sukan rubuta doksisaikilin, miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, ko 5 sau biyu, na kwana 7 zuwa 10. Likita ne zai auna nauyi ya yanke, musamman ga karya mai ciki da ƙananan kwikwiyo. A haɗa da abinci, a bi da ruwa don kada ƙwayar maganin ta tsaya a maƙoshi ta ƙona shi, kuma a cika kwanakin ko da tarin ya tsaya a rana ta uku. Maganin danne tari ba a bai wa kare mai kaki a huhu, domin tarin ne ke fitar da shi.

Mataki na shida: wanki da rigakafi

A fara wanke datti da omo, don bilic, irin su Hypo da Jik, ba ya aiki a kan ƙazanta. A zuba Hypo ko Jik gwangwanin madara biyu a bokitin ruwa mai lita 10, a jiƙa kwano, sarƙa, keji da daɓe, a bari minti 10, a ɗauraye, a shanya a rana. Kada a gauraya shi da Izal ko wani sinadari. Buhun kwanciya a ƙona shi.

Allurar rigakafi ta DHLPP tana ba da kariya daga distempa da biyu daga cikin bairas masu kawo tari. Ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai mako 16, a ƙara bayan shekara. Ta hauka daga wata uku. Ba a yi wa kare mai zazzaɓi rigakafi. A bari ya warke. Maganin rigakafi yana zama ne tsakanin digiri 2 da 8, don haka a zafin Maris da Afrilu, ga ɗauke wuta, wanda aka ɗauko daga kanta ko aka yawo da shi a aljihu mai yiwuwa ya riga ya lalace. A nemi a ga an ciro shi daga firij ko kula mai ƙanƙara, a kuma karɓi katin da aka rubuta rana da lambar kwalba.

Sabon karen da aka sayo, ko wanda ya dawo daga farautar kwanaki, ya zauna shi kaɗai kwana 14 da kwanonsa kafin a haɗa shi da na gida.