Kurakuran da aka fi yi wajen goge fentin jita har ta yi sheƙi

Jitar da na fara ƙonawa, saura kaɗan ta gama ne. Na yi wata biyu ina haɗa ta, na fesa mata fenti, na kai ta gaban faifan gogi, sai na ɗan tsaya a kan kafaɗarta, dakatawar da ba ta fi ƙiftawar ido biyu ba. Da na ɗago, ga wani tabo kamar ƙwayar wake, fentin ya narke ya tattare, farin katako yana leƙowa. Zafi ne ya yi wannan, kuma yawancin ɓarnar da ake yi a wannan mataki daga zafi take ko daga gaggawa.

Gaggawar tun kafin a taɓa inji take farawa. Fentin naitiro, irin wanda kamfanonin jita Martin da Gibson suka daɗe suna shafa wa jitocinsu, yana bushewa a hannu cikin awanni, amma tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, na ci gaba da fita daga cikinsa har tsawon makonni. In ka goge shi ɗanye zai yi ƙyalli yau, bayan wata guda ya lotsa cikin ƙofofin katakon ka ga fuskar ta yi rami-rami. A rataye jitar mako uku zuwa huɗu. Ka kai hancinka jikinta: muddin kana jin warin tina sosai, ba ta nuna ba. Ka kuma danna farce a wurin da ba a gani, kamar inda wuya zai zauna; in ya bar sawu, a ƙara haƙuri.

Sai kuskuren da na fi gani wurin masu koyo, wato ɗaukar cewa inji ne ke kawo sheƙi. Samfefa ce ke yin aikin, injin ƙarashe kawai yake yi. Fentin da aka fesa yakan fito da fuska kamar ɓawon lemo, dole a daidaita shi tukuna. A naɗe samfefa a jikin ɗan katako mai lebur ko roba mai tauri, kada a riƙe ta da yatsu tsura, don yatsu kwari suke haƙawa. A fara da samfefa lamba 800 ko 1000 (gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushinta) a jiƙe, a goge, a share, a duba cikin haske. Duk ɗigon da ka ga yana ƙyalli, wurin ya faɗa ne, samfefa ba ta kai gare shi ba. Sai fuskar ta dushe bai ɗaya sannan a wuce 1200, 1500, 2000. Mai tsallake lamba, daga 800 ya dira 2000, zai sha mamaki: da faifai ya fito da ƙyalli, zanen 800 zai bayyana raɗau a ƙarƙashinsa. Dabarar da nake yi ita ce in sauya wajen da nake goga a kowace lamba, wannan a tsaye, ta gaba a kwance, don in gane lokacin da sabon zane ya cinye tsoho.

Ruwan ma a yi hattara da shi. In ya shiga ramukan makullan tsirkiya ko na kusoshi, katako ya sha ya kumbura, fentin da ke kewaye ya tsage. A toshe ramukan da kakin zuma, a kuma jiƙa samfefar kawai ba jitar ba.

Yanzu ga injin. Abin da ke kusa da hannu a yawancin shaguna giranda ce ta kan benci, sai mutum ya cire dutsen ya ɗaura faifan ƙyalle. A wutar lantarkinmu irin wannan tana juyi kusan 2,850 a minti, an yi ta ne don ƙarfe. Masu haɗa jita suna aiki da faifan auduga mai faɗin inci 12 zuwa 14, yana juyi wajen 700 zuwa 1,000. Gyaran ba wuya: a samo mota, wato injin lantarki, mai juyi 1,450, a sa mata fuli (ƙafar da bel ke hawa) mai inci 2, a sa na inci 4 a kan sandar faifan, a haɗa da bel, gudun ya dawo rabi. Wanda ba shi da hali ya sa soson gogi a bakin injin huda, ya tafi a hankali. Ko da wanne, kada jitar ta tsaya wuri guda, kada a danna, kuma a riƙa taɓa fentin da bayan hannu. In ya yi ɗumi, a koma wani gefen.

Riƙon ma akwai ƙa'ida. A kanga jitar ƙasa da tsakiyar faifan, inda yake juyawa zuwa ƙasa, a fuskanci gefe ta yadda faifan zai zame ya fita daga kansa. In ka miƙa masa baki yana tahowa, zai fizge ta ya maka ta da ƙasa. Bakin ramin sauti da kan jita nan ne ya fi kamawa. A gefuna fenti ya fi siriri, gaba ɗayansa ma a jitar katako bai cika wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, don haka ni gefuna da hannu nake ƙarasa su. Riga mai faɗin hannu kuwa a tuɓe ta a rataye, a sa takunkumi da gilashi.

Man gogi kowanne da faifansa. Faifan da ya ɗanɗani man gogi mai kaushi ba zai ƙara ba ka sheƙi mai tsabta ba, ko ka shafa masa mai laushi. A rubuta suna a jikin kowane faifai, a riƙa tsefe shi in mai ya daskare, a ajiye cikin leda. Da hunturu wannan ba wasa ba ne: ƙwayar yashi ɗaya da iska ta ajiye a kan faifai ta isa ta zana wa bayan jita da'ira daga sama har ƙasa.

Man goge mota mai silikon kuwa kada ya shigo shagon. Yana ba da ƙyalli nan take, amma ranar da jitar ta dawo gyara ka fesa sabon fenti, zai riƙa gudu daga wurin yana barin ƙananan ramuka kamar idon kifi, kuma wanke shi sai an sha wuya.