Kurakuran da aka fi yi wajen juya maganar barci daga Faransanci da Sifaniyanci zuwa Ingilishi

Idan barci ya fara fizgar Bafaranshe sai ya ce "j'ai sommeil", mutumin Sifaniya kuma ya ce "tengo sueño". Dukansu cewa suke yi suna da barci, sai ka ce wata ajiya a aljihu. Mai bin kalma-kalma sai ya rubuta "I have sleep", abin da Baturen Ingila ba ya faɗa. Daidai shi ne "I'm sleepy". Mu ma ai "ina jin barci" muke cewa.

Na Sifaniyanci ya fi santsi, domin "sueño" kalma ɗaya ce da ta haɗa barci da mafarki, alhali Faransanci ya raba su: "sommeil" daban, "rêve" daban. Abin da ke raba gardama shi ne ɗan ƙaramin "un". "Tengo sueño" maganar mai gyangyaɗi ce. "Tengo un sueño" kuwa ita ce "I have a dream", wadda Martin Luther King, ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, ya faɗa a birnin Washington a 1963. Ka yi sake da harufan nan biyu, sai ka mai da yaron da ke neman tabarma ɗan gwagwarmaya. Kuma "soñar con" ba "dream with" ba ne, "dream about" ne.

Sai rikita matakai uku da Bahaushe ya san bambancinsu: kwanciya, ɗaukewar barci, da barcin kansa. "Se coucher" na Faransanci da "acostarse" na Sifaniyanci su ne "go to bed". "S'endormir" da "dormirse" su ne "fall asleep". "Dormir" zalla ita ce "sleep". Wanda ya ce "je me suis couché à dix heures" kwanciya kawai ya yi da ƙarfe goma, wataƙila har sha biyu yana ta juyi.

"Faire la grasse matinée" ba ruwanta da kitse, ko da yake ma'anar "grasse" ke nan. Mutum ne ya ƙi tashi da gangan ranar hutu, wato "sleep in". Kada a sa "oversleep", wannan makara ce, wadda a Sifaniya suke wa ba'a da "se me pegaron las sábanas", wai zannuwan gado ne suka manne masa. "Nuit blanche" da "noche en blanco" kuma ba farin dare ba ne, dare ne da ba a runtsa ba: "a sleepless night".

Akwai wadda ma ba maganar barci ba ce sam. "Une histoire à dormir debout" zuƙi ta mallau ce, labarin da hankali ba ya ɗauka, "a tall tale".

Wadda ta fi jawo jin kunya ita ce "dormir avec" da "dormir con". A wurinsu yawanci kwana ne wuri ɗaya ba wani abu ba. Saduwa tana da nata, "coucher avec" da "acostarse con". Amma "sleep with" a kunnen mai jin Ingilishi saduwar yake fara kawowa. In ɗaki kawai suka haɗa, rubuta "shared a room with".