Yadda ake zana fuska a jan ƙarfe da asid, irin na Rembrandt

Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rasu a 1669, ya bar zanen ƙarfe kusan 300, wato hoton da ake zanawa a farantin ƙarfe sannan a buga shi a takarda, kuma hanyar da ya bi ita ake bi har gobe.

Da farko sami farantin jan ƙarfe mai santsi, ka goge shi tas, ko maiƙon yatsa kada ya saura. Ɗumama shi, ka shafa masa haɗin kakin zuma da ƙaro da kwalta, shafi siriri. Sai ka kifa shi bisa kyandir, hayaƙi ya baƙanta shi, don duk layin da ka ja ya fito ja fes.

Yanzu ɗauki allura. Kaki kawai za ka kankare, kada ka danna, domin cin ƙarfe aikin asid ne. Idan ba ka da wanda zai zauna maka, yi yadda Rembrandt ya yi a 1630: ya tsaya gaban madubi yana ɓata rai, yana zare ido, yana zana kansa. A nan ne ake gane gwani. Zanen zamanin Baroque, wato zamanin su Rembrandt, sau da yawa haske ne daga gefe guda, sauran duhu. Gefen fuskar da haske ya buga ka bar shi kusan fayau. Ɗaya gefen kuma ka tara layuka, wasu su gicciye wasu, musamman ƙarƙashin hanci da kwarmin ido. Sabon shiga yakan cika ko'ina da layi, fuskar ta mutu.

Rufe bayan farantin da fenti, ka tsoma shi a ruwan asid. Yau an fi amfani da wani sinadari mai suna ferric chloride don ya fi sauƙin haɗari, amma duk da haka sa safar hannu. Bayan ɗan lokaci ka ciro, ka toshe layukan da kake so su tsaya sirara da fenti, ka mayar. Wanda ya daɗe a ciki shi ne zai fi zurfi da baƙi. Mai zane Jacques Callot na yankin Loren da ke Faransa ta yau, wanda ya rasu a 1635, shi ya ƙware a wannan tsoma-da-cirowa.

Wanke kakin, cusa tawada cikin ramukan, ka goge saman da ƙyalle sannan da gefen tafin hannu. Ɗora takarda mai danshi, ka bi da su ta injin matsi. Hoton zai fito a juye, dama ta koma hagu.

Bai yi maka ba? Sake shafa kaki, ka ƙara layi. Rembrandt ma yakan gyara faranti ɗaya sau da yawa. In kana son jin irin wannan bugu a yatsanka, shafa fuskar Sardauna a takardar naira 200, za ka ji tudun tawadar.