Yadda ake zaɓar waƙoƙin soyayya na biki, daga bakin mai sa sauti a Katsina

Ƙanwata amarya, kafin ki turo mini jerin waƙoƙin dina ta WhatsApp, ki fara binciken abin da mawaƙin yake faɗa. Kiɗa zai iya ratsa jiki alhali maganar da ke cikinsa ta rabuwa ce ko ta mutuwa.

Ga misali, waƙar Whitney Houston ta fim ɗin The Bodyguard na 1992, wadda amare ke so a sa lokacin shigowa. Dolly Parton ce ta rubuta ta, kuma waƙar ban kwana ce: mace ce ke sallamar wanda za ta bari. Ta Celine Dion ta Titanic, 1997, ita kuma masoyin ya riga ya nutse a teku. Ta Indiya da ta fi ba ni wahala ita ce Channa Mereya ta Arijit Singh, 2016. A fim ɗin da ta fito, Ae Dil Hai Mushkil, saurayi ne ke rera ta a bikin budurwar da za ta auri wani. To ki ce in sa wannan waƙar alhali ango yana zaune? Akwai kuma wata ta fim ɗin Rab Ne Bana Di Jodi, 2008, mai daɗin gaske, amma masoyi ne ke cewa yana ganin Ubangiji a cikin masoyiyarsa. Wannan ko an biya ni ba na sa ta.

Binciken ba wuya. Rubuta sunan waƙar a YouTube ki nemi mai fassara a ƙasa, ko ki tambayi ƙannenki masu kallon fassarar Algaita, sun san labarin kowane fim.

Daga nan sai ki raba waƙoƙin bisa ranaku. Ranar sa lalle, Mehndi Laga Ke Rakhna ta Dilwale Dulhania Le Jayenge, 1995, ta zauna daram, domin kan lallen amarya take magana, ga muryar Lata Mangeshkar da Udit Narayan. Ranar walima ki bar Indiya gaba ɗaya, a sa Baraka Allahu Lakuma ta Maher Zain, addu'ar aure ce ya rera, ko malama ba za ta ɗaure fuska ba. Shigowar ango da amarya ranar dina tana son mai sanyi, irin Perfect ta Ed Sheeran ko Tamally Maak ta Amr Diab ɗan Masar. Ummu Kulsum, tsohuwar mawaƙiyar Masar, kuwa ki bar wa Baba a motarsa, waƙarta ɗaya sai ta ci kusan awa guda.

Amma fa ki sani, ba a yin liƙi da waƙar waje. Ina tsaye bayan sifika ina kallo: idan ta Turanci ke tashi, ƙawaye waya kawai suke ɗagawa suna ɗaukar bidiyo. Da na saki Jaruma ta Hamisu Breaker ko wata ta Umar M. Shareef, sai fili ya cika, sababbin 'yan ɗari biyu su fara zuba. Gwaggonni da suka taso daga Funtuwa ko Daura kuwa ba sa miƙewa sai sun ji kiɗan ƙwaryar Barmani Choge. Saboda haka kashi biyu cikin uku na jerinki ya zama na gida.

Ki sauke komai a filasha tun ana saura kwana biyu, kada ki dogara da data, wasu ɗakunan taron ba sabis. Ki yanke doguwar gabatarwar da ke farkon waƙoƙin Indiya, kar amarya ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran murya ta shigo. Ki kuma nuna wa Hajiya jerin, ita ce uwar biki, in ta soke wata kada ki ja. Sannan ki faɗa mini ƙarfe nawa za a fara, don in san inda kiran Magariba zai same mu in kashe sauti.