Yadda Ake Rarrabe Tasirin Faifan Tushe da na Ilaktarod a Siririyar Shimfiɗar Oksaid

Adadin da na'ura ke nunawa a matsayin ƙarfin riƙe caji na siririyar shimfiɗar oksaid irin ta BaTiO3 ko SrTiO3 ya haɗa da gudummawar faifan tushe, wato abin da aka ɗora shimfiɗar a kai, da ta ilaktarod biyun, wato faranta masu kai wutar lantarki, da suka sa ta a tsakiya. Don haka a kowane gwaji abu ɗaya kaɗai za ka sauya, sauran su tsaya yadda suke.

Ka fara da faifan tushe, ka kwatanta tazarar atom ɗinsa da ta shimfiɗar. Ta SrTiO3 angistirom 3.905 ce (angistirom kashi ɗaya cikin goma ne na nanomita), ta LaAlO3 kusan 3.79, ta DyScO3 kuma kusan 3.94, shi ya sa shimfiɗar SrTiO3 take matsewa a kan LaAlO3, take miƙewa a kan DyScO3. Miƙewar kusan kashi 1 cikin 100 ce, amma a shekarar 2004 an nuna cewa ta isa ta mai da SrTiO3 feroilektirik a zafin ɗaki, wato abu mai rabuwar caji ta kansa da ake iya juya ta da wutar lantarki, halin da tsantsarsa a dunƙule ba ya kaiwa ko an sanyaya shi matuƙa. A kan silikon kuwa, faifan ba ya tsukewa kamar oksaid yayin hucewa, sai shimfiɗar ta ɗaure, wani lokaci har ta tsage. Ka auna tazarar da hasken eksire, domin shimfiɗa mai kauri takan saki wannan ɗaurin.

Wajen ilaktarod ne, a ganina, aka fi yin sakaci. A mahaɗar ƙarfe da oksaid akwai wani ɗan sashe mai raunin riƙe caji da ake kira mataccen sashe, kuma da yake a jere yake da shimfiɗar, yana jan adadin ƙasa, musamman idan ta yi siranta. Ka shirya samfura aƙalla huɗu masu kauri daban-daban, misali daga nanomita 30 zuwa 300, ka raba 1 da kafasitans ɗin kowanne, wato yawan cajin da yake riƙewa a kowane volt, sannan ka zana sakamakon a kan kauri. Gangarar layin ita ce halin shimfiɗar kanta, adadin da layin ya nuna a inda kauri ya zama sifili kuma shi ne rabon mahaɗa.

Ka maimaita gwajin da ilaktarod na filatinam, sannan da na oksaid irin SrRuO3 ko LaNiO3. Filatinam yakan rage yoyon lantarki saboda tsayin shingen da yake kafa wa caji a mahaɗa, ilaktarod na oksaid kuma sukan rage mataccen sashe da gajiyar da ke kama PZT, wani oksaid feroilektirik na dalma, zakoniyam da titaniyam, bayan yawan juya caji. Bayan ɗora ilaktarod na sama, ka gasa samfurin cikin iskar oksijin kafin awo, domin guraben oksijin da suka rage suna ƙara yoyo da asarar makamashi.