Babi na 4: Tafiyar Abinci Daga Baki Zuwa Jini

Idan aka tambayi mutane inda abinci yake zuwa bayan an haɗiye shi, da yawa za su dafa ciki su ce nan ne, a zatonsu da zarar loma ta faɗa tumbi to aiki ya ƙare. Amma abincin da ke cikin tumbi bai amfana wa jiki komai ba tukuna, domin jiki ba ya cin moriyarsa sai an narkar da shi, ya ratsa bangon hanji, sannan ya shiga jini. Hanyar da abinci yake bi bututu ne guda ɗaya wanda ya faro daga baki ya ƙare a dubura, kuma a jikin babban mutum tsawonsa ya kai kimanin mita 9, sai dai an naɗe shi an kuma lanƙwasa shi har ya samu wurin zama a cikin ciki.

Aikin baki da maƙoshi

Babban mutum wanda haƙoransa suka gama fitowa yana da 32, yaro kuwa yana da haƙoran nono 20. Na gaba suna yanka, fiƙoƙi suna yaga, turame kuma suna niƙa, harshe yana juya lomar yana cuɗa ta da miyau. Miyau yana fitowa ne daga manyan mabuɓɓugai guda 6, wato 3 a kowane gefe na fuska, kuma abin da suke samarwa a yini yakan kai lita 1 ko fiye. Ban da jiƙa abinci, miyau yana ɗauke da wani sinadarin narkarwa mai suna amilas, wanda yake fara mayar da sitaci, irin wanda ake samu a hatsi da doya, ya koma sukari tun abincin bai bar baki ba.

Kowane ɗalibi zai iya tabbatar da wannan da kansa. A ɗauki ɗan abinci mai sitaci wanda ba a sa masa sukari ba, a yi ta taunawa ba tare da haɗiyewa ba na tsawon minti 2 ko 3, za a ji wani ɗan zaƙi-zaƙi ya fara bayyana a kan harshe. Saboda haka wanda yake gaggawar haɗiye loma ba tare da ya tauna ta sosai ba, ya bar wa tumbinsa aikin da haƙora ya kamata su yi, alhali tumbi ba shi da haƙori.

A cikin wuya akwai hanyoyi 2 da suke maƙwabtaka, ta iska tana gaba, ta abinci tana bayanta. Ku ɗora yatsa a kan maƙogwaronku ku haɗiyi miyau, za ku ji ya yi sama sannan ya dawo. A daidai wannan lokaci wani ɗan marfi na guringuntsi yana rufe hanyar iska don kada abinci ya bi ta can, kuma idan mutum yana magana ko dariya da abinci a baki, marfin ba ya samun damar rufewa da kyau, shi ne sai a ƙware. Daga nan lomar takan bi bututun abinci, mai tsawon kimanin santimita 25. Tsokar bututun ce take matsawa a bayan lomar tana tura ta gaba, shi ya sa mutum yake iya haɗiya ko yana kwance, kuma irin wannan motsi ne yake kai abinci har ƙarshen hanji.

Tumbi

Tumbi jaka ce ta tsoka wadda take sama a cikin ciki, ta ɗan karkata hagu, a ƙarƙashin haƙarƙari. Yana ajiye abinci na awa 2 zuwa 4, yana dama shi da wani ruwa mai tsananin tsami, wato asid, wanda yake kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci, yana kuma tayar da sinadarin fefsin domin ya fara warware furotin, irin wanda ake samu a nama da ƙwai. Abinci mai maiƙo ya fi daɗewa a tumbi, shi ya sa yake riƙe ciki.

An fahimci wannan aiki ne ta wata hanya mai ban mamaki. A shekarar 1822 bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a gefen ciki, a tsibirin Mackinac da ke Amurka. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa har ya warke, sai dai raunin ya bar kafa wadda ta buɗe har cikin tumbi. Ta wannan kafa likitan ya riƙa ɗaura guntayen abinci da zare yana zurawa, bayan wani lokaci ya jawo ya duba yadda suka narke, kuma a 1833 ya wallafa abin da ya gano.

Tambayar da ta kamata a yi a nan ita ce, tunda tumbi ma nama ne, me ya hana asid ɗin ya cinye shi? Amsar ita ce bangon tumbi yana lulluɓe da wani yauƙi mai kauri wanda yake kare shi. Idan wannan kariya ta yi rauni, asid yakan ci bangon ya yi rauni, shi ne gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa. An daɗe ana ɗora laifin wannan ciwo a kan damuwa da yaji, har sai da likitoci 2 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce take haddasa mafi yawansa, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Babban dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin da aibufurofen da daikulofenak ba bisa shawarar likita ba. Amfanin sanin wannan yana da yawa, domin wanda ya shekara yana shan maganin kwantar da zafin ciki yana iya rabuwa da ciwon idan aka gwada shi aka ba shi maganin da zai kashe ƙwayar cutar. Ƙwarnafi kuwa yana faruwa ne idan ƙofar saman tumbi ta saki, asid ya hauro bututun abinci, wanda ba shi da irin wannan kariya, don haka bai kyautu a kwanta nan take bayan an cika ciki ba.

Ƙaramin hanji, inda abinci yake shiga jini

An kira shi ƙarami ne saboda siranta, amma shi ne mafi tsawo, don ya kai kimanin mita 6, kuma a nan ne mafi yawan aikin yake gudana. Tumbi yana sako masa dammamen abinci kaɗan-kaɗan, kuma a farkonsa ruwa iri 2 suke zubowa su tarye shi. Na farko ruwan matsarmama ne, wanda hanta take yi, matsarmama kuma ta adana shi har sai abinci mai maiƙo ya iso, sai ta matse ta zubo shi ya farfasa maiƙon zuwa ƙananan ɗigo. Na biyu yana fitowa daga wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda take kwance a bayan tumbi, kuma bai kamata a rikita ta da saifa ba. Ruwanta yana kashe kaifin asid, yana kuma ɗauke da sinadaran da suke ƙarasa narkar da sitaci da furotin da maiƙo. Wannan gaɓa ce dai take samar da insulin, wanda rashinsa ko gazawarsa ke jawo ciwon sukari.

Cikin bangon ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Yana cike da miliyoyin ƙananan tsirai masu kama da gashin tawul, tsawon kowanne bai wuce kimanin milimita 1 ba, kuma a cikin kowanne akwai siraran jijiyoyin jini. Ta cikinsu ne sukari da narkakken furotin da gishirin jiki da bitamin suke ratsawa, maiƙo kuwa yana bin wasu siraran hanyoyi na daban kafin ya haɗu da jini. Jinin da ya bar hanji yana fara biyawa ta hanta, wadda nauyinta ya kai kilo 1 da rabi, ita kuma ta tace shi, ta adana rarar sukari, ta kuma lalata guba gwargwadon ƙarfinta. Wannan ne ya sa barasa da magungunan da ake sha barkatai suke fara yi wa hanta lahani, kuma idan ta kasa fitar da ruwan matsarmama sai idanu su koma rawaya, abin da ake kira shawara.

Babban hanji da sha'anin ruwa

Abin da ya rage yana wucewa babban hanji, mai tsawon kimanin mita 1 da rabi, wanda yake tsotse sauran ruwa har tarkacen ya daskare ya zama bayan gida. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da suke zaune a cikinsa, suna cin zare-zaren ganye da dusar hatsi waɗanda jiki bai iya narkarwa, suna samar da bitamin K, su ne kuma suke haifar da iskar ciki. Daga ci zuwa fitarwa yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3. Idan bayan gida ya daɗe bai fita ba, hanji yakan ci gaba da tsotse ruwansa har ya yi tauri, kuma maganin farko shi ne shan ruwa isasshe da cin ganye da 'ya'yan itatuwa da motsa jiki.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane uba da kowace uwa su riƙe. Idan aka haɗa ruwan da mutum ya sha da miyau da sauran ruwan da gaɓoɓin ciki suke zubowa, abin da yake bi ta hanjin babban mutum a yini ya kai lita 8 zuwa 9, kuma kusan dukkansa hanji yake mayarwa cikin jini. Idan gudawa ta kama mutum, hanjin ya kasa mayar da wannan ruwa, sai ya tsiyaye tare da gishirin jiki, kuma ƙaramin yaro yana iya galabaita cikin yini guda. Kuskure ne babba a hana mai gudawa ruwa da nufin tsayar da ita. A ba shi ruwan gishiri da sukari, domin sukarin yana taimaka wa bangon hanji ya ja gishirin, ruwa kuma ya biyo su. Wanda ake samu a ƙunshe a asibiti ya fi, amma idan babu, a narkar da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, jariri kuma a ci gaba da ba shi nono.

Wasu alamun ba sa jiran gobe. Duk wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya fito da jini ko ya yi baƙi ƙirin, ko haɗiya ta riƙa yi masa wuya, ko yana ramewa ba dalili, to a kai shi asibiti. Haka nan ciwon da ya faro a kusa da cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama tare da zazzaɓi da amai, domin yana iya zama kumburin afendis, wato ɗan siririn reshen da ke farkon babban hanji, kuma idan ana zargin haka kada a ba mara lafiya maganin wankin ciki, kada kuma a ba shi abinci har sai likita ya duba shi.